Gwaji ko Koyarwa? Sharhi a Kan Littattafan Bitar Saurare da Auna Fahimta na Ingilishi a Ƙananan Makarantun Sakandare na Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Wannan sharhi ya duƙufa ne a kan wani nau'in littattafai da takardun bita waɗanda ɗaliban ƙananan makarantun sakandare na ƙasar Sin suke amfani da su wajen koyon sauraren Ingilishi da auna fahimtar abin da suka karanta. Ɗaliban da ake magana a kansu su ne 'yan aji bakwai zuwa aji tara, masu kimanin shekara 12 zuwa 15, wato shekaru uku na ƙarshe a cikin shekaru tara na ilimin dole da dokar ƙasar ta 1986 ta tanada. Mun zaɓi ƙasar Sin ne saboda Ingilishi a can baƙon harshe ne tsantsa. Ba a koyar da lissafi ko kimiyya da shi a makarantun gwamnati, ba a ciniki da shi a kasuwa, kuma yaro zai iya wuni bai ji shi ba in ba a cikin aji ba. A irin wannan hali duk nauyin koyarwa yana kan malami da littafi, saboda haka kyawun littafi da muninsa suna fitowa fili fiye da yadda za su fito a inda harshen yake yawo a titi. Masu koyar da kowane harshe a wurin da ba a jin sa a wajen makaranta, har da masu koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu, za su ga hoton ajinsu a nan.

Ra'ayinmu shi ne, galibin waɗannan littattafai suna auna fahimta ne, ba sa gina ta. Amma kafin mu kafa hujja, ya kamata mu ga abin da manhaja ta nema da kuma abin da jarrabawa take tambaya, domin tsakanin waɗannan biyu ne littattafan suka tsiro.

2.0 Abin da Manhaja ta Nema

A shekarar 1996 mataimakin firayim ministan ƙasar mai kula da ilimi, Li Lanqing, ya koka cewa koyar da harsunan waje a ƙasar yana cin lokaci mai yawa amma amfanin da ake girba kaɗan ne. Jama'a ma suna da laƙabin da suka ba matsalar, suna kiran ta Ingilishin bebe, wani lokaci su ce na kurma da bebe, wato ɗalibi ya shafe shekaru yana haddar nahawu amma ba ya ji in an yi magana, ba ya kuma iya mayarwa. A 2001 Ma'aikatar Ilimi ta fitar da sabon ma'aunin manhajar Ingilishi, ta kuma umarci a fara koyar da harshen daga aji uku na firamare, a birane da farko, sannan a sauran garuruwa. Manyan birane irin su Beijin da Shanghai sukan fara tun daga aji ɗaya. An sake bitar ma'aunin a 2011, aka kuma fitar da wani sabo a 2022.

Abubuwa biyu ne suka shafe mu a cikin waɗannan takardu. Na farko, ana son ɗalibin da ya gama aji tara ya mallaki kalmomi kimanin 1,600. Na biyu, ana son ya zama ya karanta aƙalla kalmomi 150,000 a wajen littafin aji kafin ya kammala wannan mataki. Ma'aunin 2022 ya ƙara da fasahar kallo a kan saurare da magana da karatu da rubutu, ma'ana fahimtar hoto da jadawali da bidiyo, ya kuma jaddada tunani da sanin al'adu. A tsarin wannan shekara harshen waje yana da kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na lokacin darussa, Sinanci kuwa yana da kashi 20 zuwa 22. A takarda, manhajar ba ta da laifi. Ta nemi a koyi harshe ta hanyar amfani da shi, kuma littafin aji da ya fi yaɗuwa tun farkon shekarun 2000, wato Go for it! na Maɗaba'ar Ilimi ta Jama'a, wanda aka gina a kan aikin David Nunan, an tsara shi ne a bisa wannan manufa.

Sai dai akwai wani mai iko da ya fi manhaja ƙarfi, shi ne jarrabawar zhongkao da ake yi a ƙarshen aji tara. Larduna da birane ne suke shirya ta, kuma sakamakonta ne yake yanke wa yaro ko zai shiga babbar sakandare ta gama-gari, wadda ita ce hanyar jarrabawar shiga jami'a ta gaokao, ko kuwa makarantar koyon sana'a. Ingilishi na cikin manyan darussa uku na wannan jarrabawa, tare da Sinanci da lissafi. A ƙasar da ta shafe fiye da shekara dubu tana zaɓen ma'aikatan mulki ta hanyar jarrabawa, har zuwa 1905 da aka soke tsarin, ba abin mamaki ba ne iyaye su ɗauki maki ɗaya da muhimmancin gaske. Littattafan da muke sharhi a kansu 'ya'yan wannan jarrabawa ne. Akwai jerin da ake kira Shekara Biyar na Zhongkao, Shekara Uku na Gwaji, wanda sunansa kaɗai ya bayyana manufarsa. Akwai jaridun ɗalibai na mako-mako masu ɗauke da takardun gwaji. Akwai kuma manhajojin waya masu irin wannan aiki. Sinawa da kansu suna kiran wannan dabara tekun tambayoyi.

3.0 Darasin Saurare

Tsarin darasin saurare kusan iri ɗaya ne a duk inda aka buɗe. Ana kunna sauti, mutum biyu su yi gajeriyar hira, namiji da mace, sai a yi tambaya, ɗalibi ya zaɓi amsa daga cikin uku. Bayan 'yan irin waɗannan sai hira mai ɗan tsawo, sai jawabin mutum ɗaya wanda za a cike gurbi a jadawali daga cikinsa. A ƙarshen littafi akwai amsoshi da rubutaccen abin da aka faɗa.

Bari mu ƙaga misali irin wanda ya cika littattafan. Mace ta ce jirgin ƙasa zai tashi da ƙarfe takwas da rabi, namiji ya ce an jinkirta shi da minti goma sha biyar, sai a tambayi lokacin da jirgin zai tashi. Ɗalibi ya zaɓi amsar da ba daidai ba, malami ya faɗi ta daidai, a wuce. Tambayarmu ita ce, me ya sa yaron ya faɗi? Mai yiwuwa ne bai bambance "fifteen" da "fifty" ba, domin bambancinsu a magana ya fi dogara ga gaɓar da aka ƙarfafa. Mai yiwuwa ne bai san kalmar jinkirtawa ba sam. Mai yiwuwa ne ya san ta a rubuce amma bai gane ta a kunne ba. Mai yiwuwa ne kuma ya ji komai, lissafin ne ya kuɓuce masa yayin da sautin ya ci gaba. Waɗannan cututtuka huɗu ne daban-daban, kowace da maganinta, amma littafin ya ba su alama guda, wato kuskure, ya kuma ba su magani guda, wato ƙarin tambayoyi. Wannan shi ne sukar da John Field ya yi wa irin wannan hanya a littafinsa na 2008 a kan koyar da saurare: ana duban sakamako, an manta da hanyar da ta kai ga sakamakon.

Abin takaici shi ne, matsalolin mai jin Sinanci da sautin Ingilishi sanannu ne, ana iya tsara darasi a kan kowace. Gaɓar Sinancin Mandarin tana ƙarewa ne da wasali ko da baƙin hanci n ko ng, ban da r da ke zuwa a wasu wurare, kuma ba ta yarda baƙaƙe su cunkushe a wuri guda ba. In an cire karin sauti, gaɓoɓin harshen duka ba su wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba. Ingilishi kuwa yana iya jera baƙaƙe uku a farkon gaɓa da huɗu a ƙarshenta, kamar a ƙarshen kalmar "texts". Abin da Basine yake yi wa kalmar aro shi ne ya cusa wasali, sai motar bas ta koma bashi, makirufo ya koma maikefeng. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da haka ya samu burodi da burki da furamare. Illar a saurare ita ce, baƙaƙen ƙarshen kalma su ne suke ɗauke da jam'i da lokacin aiki a Ingilishi, kuma Sinanci ba ya sauya ƙirar kalma domin nuna ko ɗaya daga cikinsu. Ke nan kunnen yaron bai saba da sautin ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta jiran ma'anar da sautin yake ɗauke da ita. Bambancin "walk" da "walked" zai wuce shi sau ɗari bai lura ba.

Wadda ta fi wannan wuya ita ce matsalar raunanan gaɓoɓi. Sinanci harshe ne mai karin sauti, yana da guda huɗu, kuma akasarin gaɓoɓinsa suna fita da cikakken nauyinsu. Ingilishi yana ƙarfafa wasu gaɓoɓi ya danne sauran har wasalinsu ya kusa ɓacewa, ya kuma liƙa ƙarshen kalma da farkon mai bi mata. Ɗalibin da ya haddace "of" da "to" da "can" ɗaya bayan ɗaya daga jerin kalmomi ba zai same su da wannan kama a cikin magana ba. Binciken da Christine Goh ta buga a 2000 a kan ɗalibai Sinawa masu koyon Ingilishi a Singafo ya nuna cewa rashin gane kalmar da aka riga aka sani da saurin manta abin da aka ji suna cikin manyan koke-kokensu. Littattafan bita ba su cika taɓa wannan ba. A maimakon haka, sautin da suke bayarwa an tace shi, kowace kalma a ware, babu inda-inda, babu katse juna, babu hayaniyar wuri. Yaro yana ƙwarewa a jin wani Ingilishi da ba a yin sa sai a ɗakin ɗaukar murya.

Abin da littattafan suke koyarwa da gaske, kuma suna koyar da shi da kyau, shi ne dabarun cin jarrabawa: a karanta zaɓuɓɓuka kafin a kunna sauti, a yi hasashen tambaya, a kula da abin da ya biyo bayan kalmar "but", a yi hattara da lambar da aka fara ambata domin galibi tarko ce. Ba mu ce waɗannan ba su da amfani ba. Hasashe wani ɓangare ne na saurare a kowane harshe. Amma hasashen da ya dogara ga sanin halin mai tsara tambaya ba ya bin ɗalibi zuwa tashar jirgi.

A nan dole mu yi adalci. Sanya saurare a cikin jarrabawa da ba shi maki mai tsoka shi ya sa aka fara kunna sauti a azuzuwa da yawa. Birnin Beijin ya ƙara gaba a 2018, inda ya ware maki 40 daga cikin 100 na Ingilishin zhongkao ga gwajin saurare da magana ta kwamfuta, ya kuma ba ɗalibi dama sau biyu. A cikin gwajin akwai sashen da ɗalibi zai saurari bayani, ya rubuta muhimman abubuwa, sannan ya sake faɗin bayanin da bakinsa. A ganinmu wannan shi ne mafi ingancin nau'in tambaya a duk tsarin, domin ba a iya yin sa da canki-canka. Idan muka tuna cewa gwajin furucin Ingilishi na ƙarshen sakandare a Nijeriya an daɗe ana amsa shi da fensir a kan takarda, ba tare da an ji ko an furta komai ba, za mu sassauta murya wajen sukar Sinawa.

4.0 Karatu da Auna Fahimta

Sashen karatu ya ƙunshi gajerun matanoni, galibi masu kalmomi ɗari biyu zuwa ɗari uku da wani abu, kowane da tambayoyi uku zuwa biyar masu zaɓi huɗu. Tambayoyin sun kasu zuwa sanannun gidaje: neman wani bayani, gano manufar matani, cankar ma'anar kalmar da aka ja wa layi, da zaɓen take mafi dacewa. Akwai kuma matanin cike gurbi. Wilson Taylor ne ya fito da wannan dabara a 1953 domin auna sauƙin karantuwar rubutu, amma a littattafan bita ta zama gwajin kalmomi da nahawu mai zaɓi huɗu.

Mu koma ga kalmomi 150,000 da manhaja ta nema. In aka raba su a shekara uku, dubu hamsin ke nan a shekara, ƙasa da dubu ɗaya a mako, kimanin kalma 140 a rana. Wannan ba nauyi ba ne. Amma ana iya cika adadin ta hanya biyu. Ɗalibi zai iya karanta ƙananan littattafan labari da aka sauƙaƙa, goma sha biyar masu kalma dubu goma-goma, ko kuma ya yi matani 500 masu kalma 300. Lissafin ɗaya ne, abin da ya shiga kai ba ɗaya ba ne. A dogon labari kalma takan dawo sau da yawa a muhalli daban-daban har ta zauna, mai karatu yana riƙe da sunaye da aukuwa daga shafi zuwa shafi, idonsa yana ƙara sauri domin yana son ya ga ƙarshe. A gajeren matani kuwa an koya wa yaro ya fara da tambaya, ya nemi jimlar da ke ɗauke da kalmar da ke cikin tambayar, ya ja mata layi, ya wuce. Yau matanin a kan dabbar fanda ne, gobe a kan sharar roba, jibi a kan wani yaro da ya taimaki tsohuwa, babu abin da ya haɗa su. Tun a 1983 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka nuna a makarantun karkara na tsibirin Fiji cewa wadata yara da littattafan labari masu daɗi yana ɗaga karatunsu da saurarensu na Ingilishi fiye da darasin maimaita jimloli. Ana sayar da irin waɗannan littattafai a ƙasar Sin, da yawa ma, amma lokacin yaro ɗan aji tara ƙayyadadde ne, kuma abin da ya yi kama da jarrabawa shi yake cinye shi.

Akwai kuma batun yawan kalmomi. Binciken Marcella Hu da Paul Nation na 2000 ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin matani kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma a 2006 Nation ya ƙiyasta cewa kaiwa wannan matsayi a rubutun Ingilishi na yau da kullum yana buƙatar dangin kalmomi dubu takwas zuwa tara. Kalmomi 1,600 sun yi nisa da wannan. Saboda haka marubutan littattafan bita suna cikin tsaka mai wuya. In sun ɗauko matani daga jarida suka sauƙaƙa shi, sai ya fito a bushe, jimloli gajeru a jere babu kalmomin haɗi, alhali kalmomin haɗin su ne suke nuna wa mai karatu inda hujja ta dosa. In sun bar shi da wuyarsa domin a ce littafinsu ya fi na wasu zurfi, sai su cika shi da fassarar Sinanci a cikin baka, ɗalibi ya riƙa tsalle daga wannan harshe zuwa wancan. Duk da haka muna yaba musu da abu guda, wato suna da jerin kalmomi na hukuma wanda kowane marubuci yake auna mataninsa da shi. Wannan horo ne da littattafan auna fahimta na harsuna da yawa ba su da shi, namu ma a ciki, inda matanin aji ɗaya kan fi na aji uku tsauri ba tare da kowa ya lura ba.

Wani rauni da ba a cika ambata ba shi ne na tambayar manufa. Yawancin matanonin labari a waɗannan littattafai suna ƙarewa da darasin tarbiyya, kuma amsar da ta fi kama da nasiha ita ce daidai. Ɗalibi mai wayo zai ci wannan tambaya ko bai karanta matanin ba. Duk tambayar da za a iya amsawa an rufe matani ba ta auna karatu, kuma gwada hakan abu ne mai sauƙi: a ba wasu ɗalibai tambayoyin kaɗai, a ga nawa za su ci fiye da abin da sa'a za ta ba su. Muna ba masu tsara littattafai shawarar su riƙa yin wannan gwaji kafin su kai aiki maɗaba'a.

5.0 Ina Laifin Yake?

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa malamai, amma yin haka barin jaki ne a daki taiki. Malamar da take da ɗalibai arba'in ko hamsin a aji, wadda kuma ake auna ƙwazonta da makin da suka samu, ba za ta bar abin da ke kawo maki ba. Masana gwajin harshe sun daɗe suna nazarin yadda jarrabawa take juya koyarwa, tun daga maƙalar Charles Alderson da Dianne Wall ta 1993. Qi Luxia ta nuna a 2005 cewa masu tsara Ingilishin gaokao sun so jarrabawar ta jawo koyarwa zuwa ga amfani da harshe, amma aikinta na tace ɗalibai ya rinjayi wannan buri. Abin da ya faru a sama shi yake faruwa a ƙasa.

A watan Yuli na 2021 gwamnatin ƙasar ta fito da manufar ragi biyu, wato rage aikin gida da rage darussan kuɗi na bayan makaranta. An ƙayyade cewa rubutaccen aikin gida na ƙaramar sakandare kada ya wuce minti 90 a matsakaici, aka kuma hana kamfanoni neman riba da koyar da manyan darussa ga 'yan wannan mataki. Manufar ta taɓa yawan aikin, amma ba ta sauya siffar tambayar da ke jiran yaro a ƙarshen aji tara ba, kuma siffar tambaya ita littafin bita yake bi. Har ila yau, yaron Shanghai da ya fara Ingilishi a aji ɗaya da yaron ƙauye a lardin Gansu ko Guizhou manhaja ɗaya ce take kansu, alhali abin da kunnuwansu suka sha ba ɗaya ba ne. Ga na biyun, sautin da ke tare da littafin bita yana iya zama kusan duk Ingilishin da yake ji ban da muryar malaminsa, abin da ke ƙara nauyin da ke kan masu tsara shi.

Gyaran da muke gani ba ya buƙatar a jefar da littattafan. Rubutaccen abin da aka faɗa, wanda aka ɓoye a bayan littafi tare da amsoshi, a dawo da shi cikin darasi, ɗalibi ya sake saurare yana bin sa da ido, ya sa alama a daidai inda kunnensa ya kuɓuce, malami ya tattara waɗannan wurare ya gina darasin gobe a kansu. A riƙa yin gajeriyar shifta ta jimla biyu ko uku da aka faɗa da saurin magana na gaskiya, domin shifta tana tona abin da zaɓi uku yake rufewa. A kowane matani biyar na gwaji a ware lokacin karanta babi guda na labari wanda ba tambayar da za ta biyo bayansa sai ta baka. A tambayoyin karatu kuma a nemi ɗalibi ya nuna jimlar da ya dogara da ita, ko da ya zaɓi amsar daidai. Sababbin littattafan aji da aka tsara bisa ma'aunin 2022 sun fara shiga aji bakwai a kakar karatu ta 2024, kuma ɗaliban da suka fara da su za su zauna zhongkao a 2027.